Ajiyar Kawu a Gajimare

Shekarar da wani kamfani mai sayar da kaya ta intanet ya buɗe abin da ya kira ma'ajiyar gajimare, wato wurin adana abin da ke cikin waya a intanet, rumfar mai cajin waya a kasuwar Rogo ta koma zauren masana. Mutanen da ko lambar wayarsu ba su haddace ba, kowa ya zama gwani. Wani ɗan acaɓa ya ce kamfanin da ya taɓa aiko masa takalma duka na ƙafar hagu, ko allura ba zai ba shi ajiya ba. Wani dillalin gyaɗa ya rantse ba ya hulɗa da wanda bai san gidan ubansa ba. Ni ma na tofa albarkacin bakina, alhali ban fi su sanin komai ba.

Kawuna, manomi daga Falgore, shi kaɗai ya zo da buƙata. Matarsa ba ta daɗe da rasuwa ba, kuma tsohuwar wayarsa cike take da saƙonnin muryarta. Rabinsu faɗa ne a kan cefane, amma kullum sai ya saurara. Wayar kuwa ta fara mutuwa tana farfaɗowa.

Ya dubi mai cajin ya ce, "Ɗana, amana za su riƙe?"

"Amana, Baba. Ba gara, ba gobara."

Aka tura muryar can gajimaren. Da damina ta yi nisa, wayar ta faɗa ruwa a gona ta mutu murus, Kawu ko a jikinsa.

Na sha ce masa mu je Rogo mu duba ajiyar. Shi kuwa mutum ne da shanunsa suka shekara da shekaru a hannun wani amininsa Bafulatani a garin Turawa, bai taɓa zuwa ya ƙirga su ba.

"Ku yaran zamani ba ku da ta ido," in ji shi. "Ka ba mutum ajiya kana leƙe, ɓarawo ka mai da shi?"

Sai da autarsa ta haihu, aka ce za a sa wa jaririya sunan marigayiya, sannan ya so a ji muryarta ranar suna. Ya sa babbar riga, muka hau babur sai Rogo. Mai cajin ya yi ta latse-latse, gumi na keto masa. Masanan rumfa suka kewaye mu, kowa na ƙoƙarin tuna mana cewa dama shi ya faɗa.

Can mai cajin ya ce, "Baba, sun share. Wai ka daɗe ba ka leƙa ba. Sun yi ta turo gargaɗi ta imel, ba a buɗe ba."

Na ji kamar in fasa wayar mai cajin don takaici. Kawu bai ɗaga murya ba.

"Don ban leƙa ba?"

"E, Baba."

Sai Kawu ya ce, "To ni ai mutunta su nake yi."