Tirelar Kawu Mamman ta Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa raka Kawu Mamman kasuwa ya san wahalar da nake nufi. Bawan Allahn nan ba ya sayen abu sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara kunne, ya lumshe ido. Kankana, tukunya, takalmi, duk sai sun sha ƙwanƙwasa. Ranar da aka kawo kayan ɗakina daga wurin kafinta sai da ya bi gado da kujeru ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya ya ɗan taɓa ƙirjin angon ya ce, "Wannan ma da sauran aiki, amma za shi yi." Ko ranar sunan ɗana na fari, da aka miƙa masa jaririn, da idona na ga yatsan ya fara lanƙwashewa, sai da matarsa Hajiya Asabe ta buge hannun.

Ya ce a jikin taya ya koya. Shekara talatin da 'yan kai yana jan tirela tsakanin Katsina da Legas, kuma kun sha ji daga bakinsa, ko kun tambaya ko ba ku tambaya ba, cewa bai taɓa kayar da mota ba, bai taɓa ko goge ta ba.

Sai ciwon suga ya taɓa masa ido. Likita ya faɗa masa gaskiya, ganin zai yi ta raguwa ne, ba dawowa. 'Ya'yansa suka karɓe makulli, Kawu ya koma zaman zaure a Kambarawa, ba hira, ba faɗa. Mutumin da ke musu da rediyo ya zama sai an gaishe shi sau biyu kafin ya amsa. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma ni ce na karanci kwamfuta a danginmu, shi ya sa yake kirana Makanikiya. Wata Asabar na kai masa tsohuwar kwamfutata ta tebur, da wani wasan tuƙin tirela a ciki, da ɗan sitiyarin roba da ake haɗa mata. Ya jujjuya sitiyarin ya ce, "Wannan murfin tukunyar wace ce?" Amma ya zauna. Har aka kira La'asar Hajiya na fama da shi ya zo ya ci abincin rana. Garuruwan da ke cikin wasan duk na ƙasar Turawa ne, shi kuwa ya raɗa musu suna nan take. In ya ga gada ya ce Jebba, in ya ga gidan mai ya ce Funtua.

Na ce na ba shi kyauta. Washegari sai ga akuya an ɗaure mini a ƙofar gida, da saƙo: direba ba ya tuƙa motar sadaka.

To, ga inda matsalar take. Kwamfutar ta tsufa, wasan ya fi ƙarfinta. Yana cikin tafiya sai hoton ya daskare, in ya dawo tirela na cikin rami. Kuma a ƙarshen kowace tafiya wasan kan rubuta irin ɓarnar da aka yi wa mota, ni kuma nake karanta masa. Ranar farko da na karanta, dariya na yi. Da na ɗaga kai na ga shi ba dariya yake ba.

"Ni Mamman? Na lalata mota? Kuma a rubuce?"

"Kawu, wasa ne fa."

"A wurinki. Wallahi kahin idon nan ya ida ruhewa sai na kai lodi guda ba ƙwarzane, abin nan ya rubuta da hannunshi, ke kuma ki karanta mani."

Daga ranar muka shiga aikin gyara, da sharaɗinsa: abin da ya rage daga kuɗin gyaɗar gonarsa ta Batagarawa, bayan an fitar da na cefane, shi kaɗai za a taɓa. Ba nawa, ba na 'ya'yansa.

Na zaunar da shi na ce abu biyu kwamfutar take buƙata, ram da katin hoto, kuma kuɗin da ke hannu guda ɗaya kawai za su saya yanzu.

"Ram? Wa za a yi ram da shi? Mi ta sata?"

Na yi masa bayani cewa ram wani ɗan siririn allo ne, a nan kwamfuta take shimfiɗa aikin da take yi, shi kuma katin hoto shi ke zana titi da motoci a fuskar allon.

"To ki ce bodi da inji mana. Kin tsaya kina mani Turanci."

Muka fara da bodi, tunda shi ya fi araha. Na kai shi shagon Malam Nura mai kayan kwamfuta, can gefen Babbar Kasuwa. Sai da suka gaisa har kan kaji, sannan Nura ya fito da sabo a kwali, da kuma wani faranti cike da 'yan Beljiyam, waɗanda aka ciro daga tsofaffin kwamfutoci. Kawu ko kallon kwalin bai yi ba. Ya bi na farantin yana ƙwanƙwasawa, ya ɗago wanda ya fi kowanne araha. Na ce ba irin namu ba ne, na tsohon yayi ne, tsagar da ke ƙasansa ba a wuri ɗaya take da ta ramin kwamfutarmu ba.

"Tsawonsu ɗaya?"

"Ɗaya."

"Duk suna da haƙora?"

"Suna da su, amma..."

"Malam Nura, ƙunshe mani."

Na yi fushi na hau adaidaita na bar shi. Washegari na shiga zauren na tarar da shi da tabarau a kan hanci, magagari a hannu, yana goga wa ram sabuwar tsaga. Innalillahi! Na ƙwalla ihu har Hajiya ta fito da ludayi.

"Saura kaɗan ya zauna," in ji shi, ko a jikinsa. "Na taɓa sa ma mota kusoshin injin niƙa a Kontagora, ta kai ni Legas ta maido ni."

Allah ya taimake ni bai kai ga cusa shi ya kunna ba. Wancan dai ya mutu murus. Kawu ya koma ya sayi irin wanda na ce tun farko, shi ma ɗan Beljiyam, amma bai bar shagon ba sai da ya yi wa Nura nasiha: "Ka rage kawo wancan irin, ba shi da ƙwari. Magagari kaɗan ya sha ya lalace."

Da aka ƙara ram daskarewar ta ragu. Sai bazara ta shigo, kun dai san ta Katsina, kwamfuta ta koma mutuwa da kanta a tsakiyar tafiya. Kawu ya ɗora tafin hannu a jikinta ya ce, "Ta yi zahi. Ina lagireton, in zuba ruwa?" Na riƙe buta da hannu biyu. Na ce akwai ƙaramar fanka mai kyau da ake saya a sa mata a ciki. Ya ce kuɗin inji yake tarawa, ba zai ɓata su a kan iska ba.

Zuwana na gaba na tarar an kwance murfin gefen kwamfutar, an girke mata fankar tsaye ta ɗakin Hajiya, ita kuma Hajiya na zaune a tsakar gida tana fifita, fuska ba annuri.

"Makanikiya, zo ki raba mu," ta ce. "Malam, ni ba ni jin zahi ne?"

Daga zaure ya amsa, ko juyowa bai yi ba: "Ke kina da mahici. Ita tana da hannu?"

Abin haushin, dabarar ta yi aiki. Kwamfutar ba ta sake mutuwa ba, kuma ba a yi sati bai tuna mini ba.

Saura inji. Mun daidaita a kan wani katin hoto ɗan Beljiyam da ke cikin gilashin Nura. Ba shi ne mafi ƙarfi ba, amma zai ja wasan, kuma ba ya shan wuta da yawa balle ya jawo mana sayen wani abin. Kuɗin Kawu ba su kai ba. Sai ya mayar da shagon wurin ziyara, duk Juma'a in an sauko masallaci ya biya, a fito masa da katin, ya ƙwanƙwasa, ya taya, Nura ya ce albarka, a mayar.

Ni kuma ina lura da kujerarsa. Kowane mako sai na ga ta ƙara matsawa kusa da allon, har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Tsoro ya kama ni. Na je a ɓoye na biya Nura rabin kuɗin, na ce in Kawu ya zo ya ce masa kaya sun sauko. Ina ganin na yi wayo.

Juma'a ta zo, Nura ya faɗi sabon farashi yana murmushi. Kawu ya ajiye katin a hankali, ya ja da baya.

"Mi ya same shi?"

"Ba komai, Baba. Kasuwa ce ta..."

"Malam Nura, a ƙasar nan ka taɓa ganin abu mai lahiya ya sauko? Riƙe kayanka."

Wata biyu cur bai sake taka shagon ba! Wata biyu, daga cikin ɗan abin da ya rage masa na gani. Har yau in na tuna sai na ji haushin kaina, don na san halinsa sarai. Na je na yi masa faɗa, irin wanda bai kamata ɗiya ta yi wa kawunta ba, na ce rowa za ta cinye masa ido. Ya saurare ni har na gama, ya ce in gaida maigidana.

Nura ne ya samo mafita. Ya tare shi a hanya ya ce, "Baba, gara in faɗa maka gaskiya. Fankar katin nan tana ɗan ƙara, shi ya sa na rage." Fuskar Kawu ta washe. "Yawwa! Ai na sani. Da ka faɗa tun farko." A ranar ya saya, yana ta murna ya kama mai shago.

Muka zo sakawa, kati ya fi akwatin kwamfutar tsawo. Na ce sai an sayi babban akwati. Ya ce in je in dawo gobe. Na dawo na tarar an kwashe kayan ciki, an kai akwatin wurin mai walda ya yanke masa taga, wutsiyar katin ta leƙo waje. A jikin wutsiyar kuma Kawu ya ɗaura jan ƙyalle.

"Wannan fa?"

"Doka ce. Lodi ya wuce bodi."

Bayan La'asar na gama haɗawa na kunna. Ya karkata kai yana saurare, can ya ce, "Fankar nan lahiyarta lau. Ke da Nura kun haɗa mani baki." Na shirya shan faɗa. Sai kawai ya ce, "Allah ya yi maki albarka. Tada mota."

Jama'a, hoton ya fito tas. Ana ruwa a cikin wasan, ɗigo na gangarowa a gilashin mota, fitilu na sheƙi a kan kwalta, ba daskarewa ko kaɗan. Ina ta tafi ina cewa Kawu dubi kaza, dubi kaza. Ya fita daga tasha lafiya, ya miƙi titi. A kwanar farko ya tafi kai tsaye ya daki ƙarfen gefen hanya.

Hannunsa na kan sitiyari, bai motsa ba.

"Rukayya," ya ce. Ban tuna rabon da ya kira ni da sunana ba. "Ta daskare ne?"

Na so in yi ƙarya, wallahi na so. Na ce, "A'a, Kawu."

"To ni ne ke nan."

Ya fara laluben inda ake kashewa. Na riƙe hannun, na jawo kujera na zauna daf da shi, na mayar da mu farkon tafiyar. Na ce ai ba a taɓa yin tirela ba karen mota, yau ni ce. Sai ya gyara zama.

"In za ki faɗa, ki faɗa da wuri. Kuma kar ki yi mani ihu a kunne."

Haka muka tafi. Ina cewa kwana hagu na zuwa, sassauta, ƙaramar mota a damanka, gada a gaba. Shi kuma yana sauya giya da jin kukan inji kawai, yana mini faɗa wai ban iya ƙiyasin nisa ba. Abin da ya kamata a yi cikin rabin awa sai da muka kusa Magariba, don tafiyar hawainiya muka yi. Hajiya ta zo bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ta manta da shara. Da muka isa, ya yi ribas da jelar tirela a kan faɗata, sau ɗaya, ta zauna daram a cikin layi.

Rubutu ya fito a allon. Ya saki sitiyari ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Karanta mani."

Na karanta: kaya sun isa, babu ɓarna ko kaɗan.

"Ban ji ba. Ɗaga murya, Hajiya na nan."

Na sake karantawa da ƙarfi, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ya gyaɗa kai, ya share fuska da hularsa ya ce wai fankar nan ce ke hura masa ido. Bai sake tuƙi ba daga ranar, amma bakinsa ya buɗe, ya koma musunsa da rediyo har zuwa ciwon da ya ɗauke shi bayan damina.

Ya Allah, ga Kawu Mamman nan ya iso gare Ka. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka cika masa shi da haske. Ka mayar masa da ganinsa, ya ga abin da ya fi duk wanda ya rasa a nan. Ka ba Hajiya haƙurin shirun da zauren nan ya yi. Mu kuma da ke kan hanya, Ka kai mu lafiya. Amin.