Yaya Hadi, Sun Sallace Ka Ko Ba Su So

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Hadi direba, a gidansa na unguwar Mansur nan Makka. Ni ƙanwarsa ce, Sa'adiya, kuma da fushi nake rubutun nan, ba zan ɓoye ba.

Yaya, rayuwarka a tashar Kudai ka yi ta, kana jigilar alhazai. Tsofaffi nawa ka goya har cikin bas? Dattijon nan ɗan Pakistan da ya ɓace wa ayarinsa, a ɗakinka ya kwana har aka gano mutanensa. Shi ya matsa sai ka ziyarce shi a garinsu Mardan, ka je, ya hau da kai dutsen Takht-i-Bahi, inda mabiya addinin Buddha suka yi makarantarsu tun kafin zuwan Musulunci. Ka dawo da hotuna: ƙananan ɗakunan masu ibadarsu a jere, kangayen Taksila, sassaƙen da ke jikin duwatsun kwarin Suwat. Ka riƙa nuna wa yara kana cewa, "Ku duba, mutane ne suka gina, suka wuce. Mu ma wucewa za mu yi."

Laifinka ke nan kaf. A kansa maƙwabcinka Mahadi ya laƙaba maka Mai Gumaka. Mahadin da ka kai matarsa asibiti a kan naƙuda! Ya zuga unguwa aka hana yara shiga gidanka, aka daina gayyatarka walima. Kana kwance kana jinya ya tsaya a ƙofar masallaci, 'yarka Nora tana wucewa, ya ɗaga murya: "Wallahi ko ya mutu ba zan sallace shi ba." Yarinyar nan ta shigo tana kuka, tana tambayata ko da gaske babu mai yi wa babanta salla. Haba, jama'ar Mansur! Mutumin da kuka saba gani a sahun farko? Babu wanda ya buɗe baki ya kwaɓi Mahadi, kuma ban yafe shirun nan ba tukuna.

Da ka cika, Mahadi ya sulale ya bar unguwa don kada a ce ya kama makara. Harami ya nufa sallar la'asar. Mu ma can muka kai ka. Kowa ya san a Harami ba a kiran sunan mamaci. Ana sallamewa sai a yi shelar sallar gawa, jama'a su miƙe. Ɗana Talal ya ga Mahadi da idonsa a sahu, ya yi kabbara huɗu, yana roƙa maka gafara tare da dubban alhazai. Nora tana gefena a wajen mata. Na ce mata ta ɗaga kai ta dubi masu sallatar babanta.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba matarka Na'ima da Nora da abokan aikinka na Kudai haƙurin rashinka. Ana zaman makoki bayan magariba a ƙofar gida. Kai kuma Mahadi, ba sai ka zo ba. Ka riga ka yi masa abin da ya fi gaisuwa, sai ka je ka tambayi malamai yadda za ka yi da rantsuwarka.