Ranar da Baba Ya Tsallaka Layi

Shekarun baya, kafin in dawo gida Wurno in kama harkar albasa, na yi aiki a wani ƙaramin kamfanin jirgin sama a filin jirgi na Sakkwato. Da zarar na faɗi haka sai mutane su gyara zama, suna zaton matuƙi ne ni. To, ku kwantar da hankalinku, lodin kaya nake yi. Na shiga jirgi sau ba adadi, amma ta ƙasa, cikin rumbun da ake jibge akwatuna, a durƙushe, kuma kullum sai na fito kafin ya tashi. Mahaifiyata dai ba ta taɓa yarda a rage mini daraja ba. Duk wadda ta tambaye ta sai ta ce ɗanta yana wurin jirgi, daga nan ta ja bakinta.

Kusan duk masu lodin nan mutanen yankinmu ne, daga Wurno, Rabah da Goronyo, kuma mutum ɗaya ne ya kawo mu. Wani dattijo ne ɗan Taloka, Baba muke ce masa. Shi ya fara samun shiga tun yana matashi, a lokacin jigilar alhazai, daga nan duk sanda gurbi ya samu sai ya aika gida a turo masa yaro mai ƙarfi. Ni ba ɗan'uwansa ba ne, a kasuwar Goronyo kawai ya san mahaifina. Amma a zaurensa na kwana har na kama ɗaki, a kwanonsa na ci tuwo. Doka ɗaya gare shi a wurin aiki: ba a yarda mutum ya kinkimi babban kaya shi kaɗai ba. Sai kowa ya kama gefensa, Baba ya ce "tare," sannan a ɗaga.

Baba yana da ciwon suga. Da yake shi ma'aikacin dindindin ne, yana da katin asibitin da kamfani ke biya, can yake karɓar allurarsa, ya ajiye ta a firjin ofis kusa da ruwan manaja. Mu kuwa 'yan wucin gadi ne. Ba takardar ɗauka, ba hutu, ba kati. Ranar da ka kwanta ciwo, ranar wani zai sa rigarka.

Ƙungiyarmu ta ƙwadago ta daɗe tana ja da kamfani a kan wannan, har da yajin aiki. Daga ƙarshe shugabannin suka dawo da yarjejeniya. Za a mayar da mu duka ma'aikatan dindindin, a ba kowa kati shi da iyalinsa. Amma za a sallami tsofaffin da ba su da takardar makaranta, har da Baba, a ba su ɗan abin sallama, a karɓe katinsu. Kamfani ya ce ba a cire ko layi ɗaya, ko a karɓa duka ko a bari duka. In kuma aka ƙi, zai miƙa lodin ga ɗan kwangila, kowa ya kama gabansa. Saura kawai 'yan ƙungiya su amince ko su ƙi. Kuma mu masu lodi mun fi kowane sashe yawa, don haka inda muka karkata nan magana za ta faɗi.

A Rabah muka fara kece raini a kanta, wurin sunan ɗan wani abokina da muke lodi tare. Baba ya zo da sassafe, aka yi addu'a da shi, ya ce yana da uzuri ya tafi. Daga baya na gane da gangan ya ba mu wuri. Bayan an ci an sha muka koma gindin darbejiya, ni na fara buɗe wuta. Na ce duk wanda ya amince da takardar nan butulu ne, ya ci tuwon mutum ya kife masa kwano. Ina wannan wa'azi da tsokar rago a hannu, maiƙo har gwiwar hannu, amma a lokacin ji nake babu mai gaskiya a duniya kamata.

Abokina ya bar ni na gama. Kowa a wurin ya san 'yarsa ta fari ta rasu bara waccan, zazzaɓi ne ya kwantar da ita, kafin ya haɗa kuɗi ya isa da ita asibitin Sakkwato rai ya yi halinsa. Ya nuna ƙofar gidan da jaririn yake, ya ce, "Ɗiyata ta hwarko, mi yak kashe ta? Kai ka sani, kai kar riƙa mani ita bisa mashin. Wanga da anka raɗa ma suna yau, shi ma haka za ni zura mai ido?"

Sai na ƙara ɗaga murya. Wasu suka ce a koma yajin aiki, wasu suka ce wanda ya yi na baya da yunwa ba zai ƙara ba. Wani ya ce ko mun ƙi, ɗan kwangila ba zai ɗauki tsoho mai allura ba, ke nan Baba fita zai yi ko ta yaya. Wani ya ce fita daban, kora da hannunmu daban. Har la'asar ba mu tsayar da komai ba, aka watse kowa fuska a murtuke.

Daga nan na wuce Wurno. Matata tana da tsohon ciki a lokacin, ƙafafunta sun kumbura, ungozoma ta riga ta ce ba ta son yadda cikin yake zaune. Na zayyana wa mahaifiyata komai tana tsince wake. Ba ta yi maganar kati ba, ba ta yi maganar ciki ba. Ta tambaye ni mi Baba ya ce. Na ce bai ce komai ba. Ta ce, "To, kai dai ka tsaya inda yat tsaya. Ubanka ya bar ka hannunai, ba ka da wani wurin tsayi." Raina ya yi fari, domin na ɗauka ta goyi bayana.

Kuskuren da muka tafka kuwa, a taron share fage muka tafka shi. Shugaban ƙungiya, wanda ba ɗan yankinmu ba ne, ya zo da shawarar a kaɗa ƙuri'a a akwati, kowa ya dangwala a asirce. Sai wani ɗan Dinawa ya miƙe ya ce mu ba mu san wannan ba, mun sha ganin an zuba abu a akwati wani abu daban ya fito. Ya ce a yi layi a fili, kowa ya ga kowa, kamar yadda muke zaɓen shugaban masu noman rani a gida. Duk muka ɗauka da sowa, masu so da masu ƙi. Shugaban ya yi ta lallashi, ya ce maganar nan ta fi ƙarfin layi, muka ce ai mu ba munafukai ba ne. Abin da babu wanda ya tuna shi ne, a wurinmu yaro ba ya tsayawa ya fuskanci wanda ya kawo shi. Ko a gardamar iyakar gona ba a yi, balle a kan abincinsa.

Ranar ƙuri'a bayan azahar muka taru a rumfar bayan sito. Bazara ce, kwalta har wani tiriri take yi. Shugaba ya ce masu amincewa su tsaya wajen tankin ruwa, masu ƙi su tsaya jikin bango. 'Yan ofis da masu yankan tikiti suka rabu nan da nan, yawancinsu wajen tanki. Tsofaffin da za a sallama suka jeru jikin bango, Baba a ƙarshensu, hannayensa a baya. Na taka da ƙarfi na je na tsaya kusa da shi, ina hararar kowa.

Sauran 'yan'uwanmu suka tsaya cak a tsakiya, kai a sunkuye. Abokina da ya ƙure ni a Rabah, ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Shugaba ya yi magana, ya sake yi, babu wanda ya motsa. Can sai ɗaya ya ja ƙafa ya nufo bango. Wani ya biyo shi. Haka suka riƙa tahowa ɗaya bayan ɗaya, babu mai kallon wani, kamar masu rakiyar gawa. Abokina ne ya zo na ƙarshe, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Na sami abin da nake so, amma wallahi ban ji daɗin komai ba. A fili yake yarjejeniya ta faɗi, kuma a fili yake wata mai zuwa babu ɗayanmu da ke da aiki.

Shugaba ya ɗaga hannu zai fara ƙirga, sai Baba ya ce a dakata. Ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya gyara hularsa, ya bar bango, ya ratsa tsakiyar rumfar a hankali shi kaɗai, ya je ya tsaya wajen tanki. Daga can ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Ni nik kawo ku wanga aiki. Ban kawo ku don ku hita tare da ni ba. Ku taho."

Suka tafi. Ba gudu, ba murna, suka dai tsallaka. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya tofar da yawu ya ce Baba ya sayar da su, kuma har suka rabu bai sake gaishe shi ba. Ban ga laifinsa ba, shi ma iyali gare shi. Ni kaɗai na rage a cikin matasa jikin bango. Baba ya ce, "Kai ɗan Wurno, mi kaka jira?"

Na ce, "Baba, allurakka hwa?"

Ya ce, "Allura tawa ta, ba taka ba. Taho."

Maganar mahaifiyata ta faɗo mini. Na tsallaka na tsaya inda ya tsaya.

A ƙarshen watan ya miƙa katinsa, ya kwashe ragowar allurarsa daga firjin ofis ya zuba a kular ƙanƙara, ya koma Taloka noman rani a bakin ruwan dam ɗin Goronyo. Da fari mun riƙa haɗa masa taimako duk wata. Sannu a hankali abin ya ja baya, kowa da hidimarsa, shi kuma ba mai buɗe baki ba ne. Wuta ba ta zama a can, don haka a jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin randa yake binne kwalbar allurar. In ta ƙare sai ya ɓoye mana, ya ce wa iyalinsa sauƙi ya samu.

Haihuwar matata ta zo da gardama kamar yadda ungozoma ta hango. Sai da aka yi mata aiki a Sakkwato. A bakin ɗakin tiyata aka ce in kawo kati, na zaro na miƙa, babu wanda ya tambaye ni komai kuma. Aka ciro mini 'ya mace, uwa da 'ya lafiya. Baba ya zo suna har Wurno, shi ya yi mata addu'a. Na lura yana ɗingishi, ya ɗaure ƙafarsa da tsumma. Ya ce kara ne ya soke shi a fadama, bai ma ji ba sai da ya ga jini. Ya yi dariya, ni ma na yi.

Gyambon bai warke ba. Kafin labari ya iso mana ya ci ƙafar har ƙauri. Muka ɗauko shi muka kawo asibiti, likita ya duba ya ce mun makara, ko an yanke ƙafar ba lallai ne ya rayu ba. An yanke ɗin. Bai kai cirar albasar da ya dasa ba.

A Taloka aka yi jana'izarsa. Mu da ya kawo aiki muka nemi a bar mana ɗaukar makara. Muka durƙusa kowa ya kama gefensa, sai muka tsaya, babu wanda ya ɗaga. Jira muke yi, ba mu ma san muna jira ba. Abokina ne ya ce "tare" can ƙasa-ƙasa, muka ɗaga. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Wannan rashin nauyin ne ya karya mini zuciya, na yi kuka a gaban jama'a ban ji kunya ba.

Kamfanin ma bayan wasu shekaru ya durƙushe, kowa ya koma garinsu. Na sha juya maganar nan a raina. Da mun yarda da akwati, yarjejeniyar za ta wuce, na tabbata, kuma kowa zai je ya rantse wa Baba cewa ba da shi aka yi ba. Da ya tafi yana zargin kowa, ko kuma yana yi wa kowa uzuri. Da muka nace sai layi, mun tilasta wa dattijo ya kori kansa da ƙafarsa a gabanmu, don ya cire mana kunya. Har yau ban san wanne ya fi muni ba, kuma na daina yarda da duk mai ce mini ya sani.

Ɗan abokina yana nan ya zama saurayi. 'Yata ma ta girma, gudu gare ta kamar me, ba ta iya tafiya a hankali ko aike aka yi ta. Mahaifiyata takan yi mata faɗa ta ce mace ba ta wannan rawar ƙafa. Ni ban taɓa hana ta ba. Na san ƙafar wa aka bayar.