Tsaga ta Uku a Jikin Kanya

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakana, Malam Iliya, wanda mutanen ƙauyenmu na kusa da Guri suke kira Ilu Mai Gora. Ina da shekara goma sha biyu aka binne shi. Yanzu ina aji biyu a babbar sakandare a Haɗeja, kuma ban taɓa rubuta wa jarida komai ba. Ni ba mai magana ba ce. A aji ma sai Malama ta kira sunana sau biyu kafin in ɗaga kai. Da an bar Kaka ya huta, da addu'a kawai zan yi masa bana kamar kowace shekara. Amma ba a bar shi ba.

Wani Alhaji, tsohon babban ma'aikaci, ya rubuta tarihin rayuwarsa. Littafin mai kauri ne, bangonsa yana sheƙi, kuma kusan kowane babi labarin wata matsala ce ta talakawa da yadda shi ya warware ta. Akwai babi guda a kan ambaliyar da ta zo mana shekara ɗaya kafin Kaka ya rasu. A ciki ya ambaci wani tsoho jahili mai taurin kai da ya ƙi hawa motar kwashe mutane, ya je ya fasa jingar gari don kifi ya shiga gonarsa. Ya ce buhunan yashin da shi Alhaji ya kawo ne suka ceci ƙauyen. Bai rubuta sunan tsohon ba, amma ya rubuta sunan ƙauyen, kuma tsoho ɗaya ne ya fasa jinga a wurinmu.

Ina wurin ranar, don haka bari in faɗi abin da na gani.

Jinga ita ce tudun laka da mutanenmu suke ginawa da gayya tsakanin kogi da gari. A bakinta akwai wata tsohuwar kanya mai tsaga uku a jiki, waɗanda aka yi da gatari tun kafin a haifi mahaifina. Idan ruwa ya kai tsaga ta farko, a zuba ido. Ta biyu, a kwashe dabbobi. Idan ya taɓa ta uku, jinga ba za ta jure ba, ko dai a buɗe mata baki ta gabas inda ruwan zai bi tsohuwar hanyarsa ya zube a fadama, ko ta ɓalle da kanta ta wajen gidaje. Gonar da ke bakin gabas ɗin ta Kaka ce. Shinkafarsa ta riga ta fitar da kai, saura 'yan makonni a yanke.

Da hantsi motar ta iso. Alhaji ya tsaya a kan titi da farin takalmi, wani yana riƙe masa lema.

"Baba, hau mota," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ku kwashi mata da yara," Kaka ya ce. "Ni ina da aiki a gindin kanya."

Na sulale na bi bayansa da kwanon kokonsa, don bai karya ba. Ruwan yana lasar tsaga ta uku. Ya sa babban yatsa ya taɓa wurin, ya daɗe yana kallon gonar. Sannan ya cire hularsa ya miƙo mini.

"Amarya, riƙe. In kika bari ta jiƙe, na sake ki."

Haka yake tsokanata kullum, amma ranar ban yi dariya ba. Shi da mahaifina da wasu maza biyu suka sa garma. Shi ya fara sara. Da ruwan ya samu hanya sai ya shiga da ƙara kamar ana juye tsakuwa, shinkafar ta kwanta layi-layi har ta ɓace. Kaka ya tsinke zangarniya ɗaya ya sa a aljihu. Kafin la'asar ruwan ya sauka ƙasa da tsaga ta biyu, babu ɗakin da ya faɗi a garinmu. Buhunan yashin Alhaji bayan kwana biyu suka iso. Wasu suna nan har yau a gindin bishiyar maina, dattawa suna zama a kai.

A zangon karatun da ya wuce Alhaji ya zo makarantarmu da kansa, ya ba ɗakin karatu kyautar littafin kwafi da yawa. Aka shimfiɗa masa darduma, aka yi masa waƙar maraba. Malama ta zaɓe ni in karanta babin ambaliya a gabansa, wai tunda ni 'yar bakin kogi ce. Ba ta san Kaka yana ciki ba, ni ma ban sani ba sai da na zo kan layin da ya ambaci tsohon. Na ji wata a baya ta raɗa, "Ai garinsu ne." Tun daga ranar wasu suke kirana jikar mai kifi.

Da aka ba da damar tambaya, na ga hannuna a sama ba tare da na shirya ba.

"Ranka ya daɗe, ruwan ya kai tsaga ta nawa ranar?"

Ya yi murmushi ya dubi Shugaban makaranta. "Wace tsaga kuma, 'yata?"

Aka yi dariya, na zauna. Ke nan mutumin da ya yanke wa kakana hukunci a rubuce bai taɓa zuwa gindin kanyar ba. A littafin akwai hotonsa cikin kwalekwale, yana riƙe da filafili a tsakiyar ciyawar kacala. Duk yaron bakin kogi ya san da gora ake tura jirgi a cikin kacala. Kuma idan ka duba ƙasan hoton ta hagu, za ka ga igiyar jirgin a ɗaure jikin turke.

Ina yawan tunanin abin da Kaka zai ce da yana raye. Ba ya karanta boko, sai ajami. Ina jin zai sa in karanta masa, ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko Alhajin yana lafiya, sannan ya ɗauki gorarsa ya tafi duba yadda kacala ta ƙara toshe hanyoyin ruwa, don abin da ya fi damunsa ke nan a ƙarshen rayuwarsa. Mahaifina ma ya ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma ban yafe ba. Mutum yana da ikon yabon kansa shafi bayan shafi, wannan tsakaninsa da masu karatunsa ne. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya tsaya a kan kabarin wanda ba zai iya ba shi amsa ba don ya ƙara tsawo. Kaka ya ci tuwon dawar da maƙwabta suka kawo mana shekara guda cur saboda shinkafar nan, kuma ban taɓa jin ya ambace ta ba.

Me ya rage na Kaka? Hular tana cikin akwatina, ba ta jiƙe ba. Daminar bara ruwa ya sake taɓa tsaga ta uku, mahaifina ya ɗauki garmar ya sare wurin nan dai, babu wanda ya buɗe littafi kafin a yi. Sai kuma abu ɗaya da na yi da hannuna. Na shiga ɗakin karatu lokacin hutun tara, na ɗauko kwafin nan ɗaya bayan ɗaya, a gefen layin na rubuta da biro: "Sunansa Iliya. Gonarsa ce ya ba ruwa don gari ya tsira." An gane rubutuna, aka sa ni sharar ɗakin karatu mako biyu. Na share. Kullum in na gama sai in buɗe littattafan in duba, rubutun yana nan.

Allah Ya gafarta wa Kaka, Ya sanyaya makwancinsa.