Hamdiya da Baƙin Shayin Fakku

Hamdiya 'yar Malam Sharifuddeen ce, limamin wata unguwa a Sanyinna. Tun tana ƙarama ta ishi mutanen gida da tambaya. In an aike ta ɗibar ruwa sai ta daɗe tana leƙen rijiya, ta dawo tana son a gaya mata abin da ya sa ruwan masallaci ya fi na gidansu daɗi. Innarta kan ce, "Ke dai juye a randa ki ba ni wuri." Malam kuwa dariya yake yi, kuma shi ya tsaya mata har ta shiga kwalejin kiwon lafiya ta karanci tsabtar muhalli.

Yanzu a Tambuwal take aiki. Bin rijiyoyi da burtsatse take yi, ta ɗebi ruwa a 'yan kwalabe, ta ɗiga magani, ta ga launin da ruwan zai koma.

Wata rana aiki ya kai ta Fakku, a ƙasar Kebbe. Tana tsugune gaban famfo sai wani dattijo mai shayi, Maccido, ya ƙwala mata kira.

"Ɗiyata, ke ce mai awon ruwa? Taho ki gani."

Ya miƙo mata kofi, shayin baƙi ƙirin kamar tawada.

"Baba, ganye ka sake?"

"Wallahi shi ne dai. Tun da anka gina burtsatsen ga shayina ya koma haka. Mutane na ta cewa hannuna ya lalace."

Ta kurɓa, ta ji kamar ta lashi ƙusa. Abin ya ba ta sha'awa. Ta sa ya dafa wani da ruwan tsohuwar rijiya, ya fito ja wur. Da ta auna ruwan famfon sai ta ga ƙarfe ne ya yi masa yawa, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa.

"Ƙarfe cikin ruwa?" in ji Maccido, ya riƙe baki. "To guba ne?"

"A'a Baba, bai kai nan ba. Da ganyen shayi ne ba sa shiri."

Ta nuna masa ya riƙa sheƙa ruwan daga bokiti zuwa bokiti ya sha iska, ya bar shi ya kwana, jar laka ta kwanta, sannan ya tace.

Bayan kwana biyu wani direban bas ya kawo mata saƙon Maccido ofis: shayi ya gyaru, masu sha sun dawo. Ta ji daɗi ƙwarai, amma hankalinta ya riga ya koma kan wani famfon da ke bayan makarantar Fakku, wanda ta ji an ce shi ba ya ɓata shayi, tana son sanin dalili. Ta nemi izinin maigidanta na ofis, ta wanke kwalabenta, ta sake hawa motar Kebbe.