Mai Tallan Kowa

Mai shagon buga allunan talla yana satar kallon baƙon da ke kan benci. Rigarsa a goge take, amma idanunsa jawur, shayinsa ya huce bai kurɓa ba. Da gani, mai tsara wa 'yan kasuwa talla ne, irin wanda bai iya cewa a'a ba. Duk wanda ya kira, amsa ɗaya yake ba shi: "Aikinka kaɗai ne a gabana."

Aka shimfiɗa masa allon da ya tsara: hoton sabulun wani, lambar wayar mai takalma a ƙasa. Ya ƙura wa allon ido.

"Malam, taura biyu ba ta taunuwa," in ji mai shago.

Wayar baƙon ta sake ƙara. Sabon aiki ne.

"Ba komai, Hajiya," ya ce. "Kawo."