Awakina da Gishirin Madugu

Garinmu ba ya haifar gishiri, amma ba ka shiga gida a Sakkwato a ba ka miyar lami. Arewa da mu gero yana gajarcewa, itace ya koma ƙaya, daga nan sai rairayi. Mutanen can suna da gishiri ba su da hatsi, mu muna da gero da jar fata da baƙin zane. Abin da ya haɗa mu ke nan, ba wata ƙauna ba. Ni a tsakani nake ci. Fatoma ne ni a Ƙofar Kware, sana'ar da na gada wurin ubana: ayari ya sauka gidana, in ba su ɗaki da ruwa da tuwo, in nemo musu masu saye.

Shekara goma sha ɗaya wani madugu Ba'azbine yana sauka wurina duk bayan kaka, ban taɓa ganin bakinsa ba. Haka al'adarsu take, namiji ba ya sauke amawalin da ke rufe bakinsa gaban mutane. Ko tuwo zai ci sai ya juya baya ya tura loma ta ƙarƙashin rawani. Abin da na sani nasa idanu biyu ne, da farin raƙumi mai tsagaggen kunne, da takobi mai jan kube, da shiru. In ya yi magana uku a wuni, ranar ya yi surutu. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, sai muka dace. Ni in yi ta zuba, shi ya yi ta taunar taba da kanwa.

Kowane gida a garin nan yana da jajayen awaki, don fatarsu ce fatake ke kaiwa har ƙasar Larabawa. Nawa bakwai ne, babu mai tarbiyya a cikinsu. Wata Juma'a aka jera kantun gishirin madugu a shigifa, muka tafi masallaci, na manta ban ja ƙyaure ba. Ko da muka dawo, awaki sun yi nasu cinikin. Kan kowane kantu ya yi sumul kamar kan mai sanƙo, ga su kwance gefe suna neman ruwa. Matan kasuwa kuwa sun san gishirin da akuya ta lasa tun daga nesa.

Laifina ne, ko makaho ya shafa ya ji. Madugu ya duba, ya ce, "Mai gida, awakinka."

Da na ce ya yi haƙuri, da an wuce wurin. Sai baki ya kwashe ni. Gaban mutanensa na ce, "Wanda ya kawo gishiri garin awaki, mi yake so akuya ta yi? In ba don geronmu ba, gishirin za ku tuƙa ku ci?"

Gaskiya ce, amma irin wadda ba a faɗa wa baƙo. Madugu ya juya mini baya. Ya sayar da abin da ya saura ta hannun wani dillali a Ƙofar Rini, ya ɗaure geronsa, ya bar gari ba sallama.

Uwargida ta ce in ayarin ya sake masauki, sai mu ci awakin. Ni ba tuwon ne ya fi cina ba. Na ci mutuncin mutumin da ya daɗe yana cin abincina, kuma ina so in roƙe shi gafara. Ba a aika ban haƙuri Azbin, jira ake yi. Na jira bazara, na jira damina. Ina banɗaki ina shirya kalmomi, ina kasuwa ina gyara su. Wallahi ban taɓa yi wa wata magana tanadi haka ba, ni da magana ba ta yi mini wuya.

Da aka gama yankan gero ayari suka fara shigowa. Wata rana da hantsi na fito zaure, sai ga farin raƙumi mai tsagaggen kunne yana durƙusawa a ƙofata. Ga rawanin, ga jan kube, ga idanun. Na ce alhamdu lillahi. Ya yi sallama can cikin amawali, na ba shi ruwa, na kai shi ɗakinsa na kullum.

Kwana uku ina kewaya shi. Na shimfiɗa masa tabarma kusa da tawa, ya zauna ƙasa can gefe. Na miƙa masa taba, ya girgiza kai. In na dube shi, sai ya dubi ƙasa.

Uwargida ta ce, "Malam, wanga baƙon naka ya sake. Akushi yana dawowa ko ƙanzo babu. Da can rabi yake ci."

Na ce, "Fushi ne, ke dai tuƙa."

Rana ta huɗu na yanka uwar awakin, wadda ta ja sauran zuwa shigifa, aka gasa. Bayan azahar na kai masa, na zauna gabansa, na sauke duk abin da na tanada. Na ce ni na bar ƙyaure buɗe. Na ce bakina ya fi awakina ɓarna. Na ce maganar gero da na yi, ɗan halak ba ya yin ta, ya dubi zaman da muka yi ya yafe mini don Allah. Na daɗe ina yi, har naman ya huce.

Ya ƙara jan amawali sama har kusa da ido, ya ce, "Baba."

Muryar ba ta tsoho ba ce.

"Baba, wanda kake wa magana bai zo ba. Bara, muna komawa daga nan, zazzaɓi ya kama shi. Mun binne shi kusa da wata rijiya. Ni ɗansa ne."

Na yi salati. Na ce, "Kwana huɗu kana gidana, don mi ba ka faɗa ba?"

"Ba ka tambaya ba. Mu kuma ba ma fara zancen wanda ya tafi."

Na dubi raƙumin, na dubi takobin. Ashe shekara guda ina shirya wa mamaci magana. Na ce, "Bai bar mini saƙo ba?"

"Ya bari. Ya ce in sauka gidanka, kada in je wani wuri. Ya ce ka ɗaure awakinka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Na kai maganar wurin malamin unguwarmu, na tambaye shi ko wannan yafiya ce. Ya ce a littafi bai ga inda aka yafe da irin waɗannan kalmomi ba, amma mai riƙo ba ya turo ɗansa. Na ce ni da kunnena nake so in ji. Ya ce to sai in jira Lahira.

Ɗan ya ci gaba da sauka wurina har ƙarfina ya ƙare, shi ma ban taɓa ganin bakinsa ba. In ina yi wa uban addu'a, idanu kawai nake gani, don su kaɗai ya ba ni. Awaki kuwa tun daga ranar a turke suke, rani da damina, ko babu ƙwayar gishiri a gidan.